Noman Shinkafar Rani ta Hanyar Dashe: Jagora Daga Zaɓen Iri Zuwa Ɗinke Buhu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu, ya ratsa ta Kura da Kadawa, zai ga tudu ya bushe ƙayau, alhali gonakin shinkafa suna kore shar a gefen titi saboda ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Haka abin yake a Auyo ta Jihar Jigawa, da fadamun Argungu da Suru a Jihar Kebbi, da yankin Bakolori kusa da Talata Mafara. Sai dai a cikin wannan koren akwai bambanci mai yawa. Za ka tarar da maƙwabta biyu suna shan ruwa daga magudana ɗaya, sun sayi taki iri ɗaya, amma ɗaya ya kwashe tan 6 a hekta, ɗayan kuwa da ƙyar ya haɗa tan 2 da rabi. Yawancin lokaci abin da ya raba su bai wuce abu biyu ba: daidaita ƙasa yadda ruwa zai kwanta bai ɗaya, da yin kowane aiki a ranarsa. A kan waɗannan biyu aka gina wannan jagora, kuma duk adadin da za a ambata na hekta ɗaya ne, wato kimanin eka biyu da rabi.

Mataki na farko: lissafin kwanaki

Kafin manomi ya sayi ko ƙwaya ɗaya ta iri, ya kamata ya zauna da kalanda ya yi lissafi daga ranar girbi ya dawo baya. Rayuwar shinkafa kashi uku ce. Akwai lokacin girma da fitar da 'ya'ya, wato sababbin kara daga gindi, wanda tsawonsa ya danganta da irin da aka shuka. Akwai lokacin ɗaukar ciki zuwa fure, mai cin kwana 30 zuwa 35. Sannan akwai lokacin cika da nuna, shi ma kimanin kwana 30. Kashi biyun ƙarshe kusan ba sa canzawa, saboda haka iri mai kwana 120 zai fara ɗaukar ciki ne a wajajen kwana na 55 zuwa 60 daga ranar da aka zuba shi a bedi, wato wurin renon tsiro kafin dashe.

Amfanin wannan lissafi shi ne kauce wa abokan gaba uku. Na farko sanyin hunturu: idan shinkafa ta yi ciki a lokacin da dare ke sauka ƙasa da maki 18 a ma'aunin Selshiyos, kai zai fito amma ƙwayar holoƙo ce, kuma wannan shi ne abin da ke samun wanda ya zuba iri a watan Nuwamba. Na biyu zafin bazara, domin idan zafi ya haura maki 35 a sa'o'in hantsi da shinkafa ke buɗe fure, wani kaso na ƙwayar ba zai cika ba. Na uku ruwan sama a lokacin girbi, wanda ke jiran wanda ya makara har ƙarshen Maris bai zuba iri ba. Shi ya sa manoma da yawa ke zuba iri tsakanin tsakiyar Janairu da Fabrairu, lokacin da sanyi ya fara karyewa, su yi girbi a Mayu ko farkon Yuni. Ba a iya kauce wa zafin bazara ɗungurungum, amma ruwa mai kwanciya a gona lokacin fure yana rage masa kaifi.

Mataki na biyu: gona da ruwa

Shinkafar dashe ƙasar laka take so, wadda idan aka jiƙa ta aka murza a tafin hannu za ta miƙe kamar igiya ba tare da ta karye ba. Jigawa tana shanye ruwa da taki tare, kuma mai injin ban ruwa a irin wannan ƙasa kuɗin mai ne zai cinye masa riba. Tun bayan janye tallafin man fetur a 2023 ban ruwa ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin manomin rani, har da yawa suka mayar da injinansu masu aiki da gas ko suka koma hasken rana. Saboda haka wanda ruwansa ba zai isa hekta guda ba har ranar girbi, gara ya noma rabin hekta ya ƙosar da ita. Ya kuma tabbatar akwai hanyar fitar da ruwa kamar yadda akwai ta shigar da shi, ya share kachala da sauran ciyayin da ke toshe magudana tun kafin aiki ya kankama.

Mataki na uku: iri

Irin da ya fi yaɗuwa a gonakin ban ruwa na Arewa shi ne FARO 44, wanda manoma ke kira Sipi. Yana nuna cikin kwana 110 zuwa 120, ba ya tsawo sosai, kuma masu injinan casa suna son doguwar ƙwayarsa. FARO 52, wato Wita, ya fi shi daɗewa da kimanin mako biyu, amma yana jure ƙasar da sinadarin ƙarfe ya yi wa yawa, irin wadda ake ganin ruwanta yana yin ja-ja da maiƙo a sama. Ga masu noman damina a fadamun da ambaliya ke ci, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020 da 2022, akwai FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, waɗanda ke iya nutsewa har kusan mako biyu su farfaɗo. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja, tare da cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, wato AfricaRice, su ne kan gaba wajen samar da waɗannan iri.

Sunan iri kaɗai ba ya wadatarwa, tsabtarsa ita ce magana. Na taɓa sayen iri a hannun wani mai sayarwa a kasuwa bisa rantsuwar cewa Sipi ne zalla, amma da ta fitar da kai sai gonar ta zama hawa uku, wata ta nuna tana zubewa, wata ko madara ba ta gama ba, ga jar ƙwaya a cakuɗe wadda ta karya mini farashi a wurin masu saye. Tun daga nan ba na sayen iri sai a buhun da ke ɗauke da shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, kuma ina ba da shawarar a sabunta iri bayan an maimaita shi sau biyu ko uku.

Dashen hekta guda yana buƙatar kilo 25 zuwa 30 na iri, alhali mai yafi yakan zubar da kilo 80 zuwa 100. Mako guda kafin zubawa, a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. Idan bayan kwana biyar zuwa bakwai waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan irin ko a canza shi. Daga nan a zuba irin cikin ruwan gishiri mai kaurin da ɗanyen ƙwai zai taso a cikinsa, a kwashe duk abin da ya yi iyo a zubar, a ɗauraye wanda ya nutse da ruwa mai kyau sau biyu ko uku. Sai a jiƙa shi awa 24, a tsane, a zuba a buhun algarara a rufe a wuri mai ɗumi na awa 24 zuwa 48, ana juyawa ana yayyafa ruwa, har sai an ga farin baki ya ɓullo a kan ƙwayar. Kada a bari saiwar ta yi tsawo, domin za ta sarƙe ta karye wajen yafawa.

Mataki na huɗu: bedi

Bedin hekta guda yana cin fili kimanin murabba'in mita 500, wato kashi ɗaya cikin ashirin na gonar. A yi shi kusa da ruwa, a rarraba shi zuwa gadaje masu faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da 'yan kai, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba, a ɗaga su kamar santimita 5 zuwa 10, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Kowane murabba'in mita yana ɗaukar kimanin giram 60 na iri. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cunkoso, saboda ana ƙyashin fili, sai tsiron ya fito siriri kamar allura, ba shi da ƙwarin da zai jure dashe. Bayan yafawa a rufe da ƙasa mai laushi kaɗan, a shimfiɗa busasshen karan shinkafa a kai don kare sanyi da tsuntsaye, a ɗauke shi bayan kwana huɗu ko biyar. A kwanakin farko danshi kawai ake buƙata, daga baya a bar ruwa ya kwanta santimita 2 zuwa 3. Idan da sauran sanyi, barin ruwa a bedin cikin dare yana taimaka wa tsiron.

Mataki na biyar: gyaran gona

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne gajiyarwa, kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci. A fara shi tun kafin a zuba iri, domin gona ce ya kamata ta jira tsiro. A ba ƙasa ruwa ta yi laushi, a yi kaftu ko haro mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a bar ciyawa da ragowar kara su ruɓe na mako biyu, sannan a maimaita. Daga nan a yanka gonar fangali-fangali gwargwadon gangarenta: inda ƙasa ta kwanta fangali na iya kai mita 10 kowane gefe ko fiye, inda take da gangare kuwa a ƙanƙanta shi. A ɗaga kunyoyin da ke kewaye su kai santimita 25 zuwa 30, a daddanne su, a shafe su da taɓo don toshe tsaga da ramukan ɓera.

Sai a cika fangali da ruwa a kwaɓa ƙasar ta zama taɓo, da ƙaramin injin haro mai tafiya da hannu, ko da shanu, ko da fartanya da ƙafa. Kwaɓawar tana toshe ƙofofin da ruwa ke zurarewa ta ƙasa, tana kuma kashe ciyawa. Bayan haka ne ake daidaitawa, kuma ruwan da kansa shi ne ma'auni. A rage shi ya zama kamar kaurin yatsa biyu, a tsaya a kan kunya a duba: duk inda ƙasa ta ɓullo kamar bayan kunkuru tudu ne, duk inda ruwa ya yi duhu kwari ne. A ja taɓo daga tudun zuwa kwarin da faffaɗan katako mai igiya, a maimaita har ruwan ya rufe ko'ina daidai. Dalilin nacewa a kan wannan a fili yake. A fangalin da bai daidaita ba, tudun yana bushewa ya zama gidan ciyawa, kwarin yana nutsar da tsiro ya hana shi 'ya'ya, taki yana gangarewa wuri guda, maganin ciyawa ya ci wani gefe ya bar wani, a ƙarshe kuma shinkafar ta nuna a rarrabe. Kwana biyu da aka ƙara a wannan aiki sun fi buhun taki biyu amfani.

Mataki na shida: dashe

Ana dasa tsiro yana da kwana 14 zuwa 21, lokacin da yake da ganye uku zuwa huɗu. Idan sanyi ya rage masa sauri ana iya ƙara 'yan kwanaki, amma tsiron da ya haura kwana 30 ya riga ya cinye wani ɓangare na lokacin fitar da 'ya'yansa a bedi, kuma ba zai rama ba. A jiƙa bedin sosai kwana guda kafin cira, a cira a hankali da saiwarsa, a dasa a ranar.

A ja igiya mai ƙulli ko alama kowane santimita 20, a dasa a layi, tsakanin layi da layi ma santimita 20. Kowane gurbi tsiro biyu ko uku ya ishe shi, a zurfin santimita 2 zuwa 3, wato gaɓar yatsa ɗaya. Masu dashen kwangila, da yake da fangali ake biyansu, sukan cusa tsiro bakwai ko takwas a gurbi, su nutsa shi can ƙasa, su kuma buɗa tazara don su gama da wuri. Ya wajaba mai gona ya tsaya a kansu, ko da zai ƙara musu kuɗi. Ga lissafin da ke nuna dalili: tazarar 20 da 20 tana ba da gurbi 25 a murabba'in mita. Idan kowane gurbi ya fitar da kai 12, an sami kai 300, idan kowane kai yana da cikakkiyar ƙwaya 80 an sami ƙwaya 24,000, kuma da yake ƙwaya 1,000 tana auna kusan giram 25, murabba'in mita ya ba da giram 600, wato tan 6 a hekta. Idan gurbin ya ragu zuwa 15 saboda dashen gaggawa, to an yi asarar abin da taki ba zai mayar ba. Cikin mako guda bayan dashe a zagaya a cike gurbin da ya mutu da ragowar tsiron bedi.

Mataki na bakwai: ciyawa

Kwana 40 na farko bayan dashe su ne lokacin da ciyawa ke yin ɓarna mafi girma. Ruwa mai kwanciya santimita 5 a daidaitaccen fangali shi ne maganin farko. Wanda zai yi amfani da maganin hana tsirowa, irin butachlor ko pretilachlor, ya sa shi cikin kwanaki kaɗan bayan dashe. Na bayan tsirowa kuwa, kamar haɗin propanil da 2,4-D, ana fesa shi ne lokacin da ciyawar take da ganye biyu zuwa huɗu, bayan an janye ruwa don maganin ya taɓa ta, a mayar da ruwan bayan kwana biyu. A bi adadin da ke jikin kwalba, a rufe hanci da jiki, kada a yi feshi cikin iska, musamman idan maƙwabci yana da tumatir ko albasa, domin 2,4-D yana lalata su. Aya-aya da duk abin da ya tsira daga magani a cire da hannu kafin zuba taki.

Mataki na takwas: taki

Kowane tan na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, yana ɗauke wa ƙasa kimanin kilo 15 zuwa 20 na sinadarin naitrojin, saboda haka mai neman tan 5 ko 6 dole ya ciyar da gonarsa. A mafi yawan gonakin ban ruwa, buhu 4 zuwa 6 na NPK 15:15:15 da buhu 3 zuwa 4 na yuriya suna isar hekta guda, kodayake gwajin ƙasa da shawarar malamin gona na yankin sun fi kowane adadi na gaba ɗaya. Amma yadda aka rarraba takin ya fi yawansa muhimmanci.

NPK gaba ɗayansa ana zuba shi ne a kwaɓin ƙarshe ko cikin mako na farko bayan dashe, domin saiwa ce ke buƙatarsa tun tana ƙarama. Yuriya kuwa a raba ta biyu. Rabin farko a zuba mako biyu zuwa uku bayan dashe, lokacin da shinkafa ta kama ƙasa ta fara 'ya'ya. Rabi na biyu a zuba daidai lokacin da ta fara ɗaukar ciki, wanda ga FARO 44 yakan faɗo mako biyar zuwa shida bayan dashe. Ba sai an yi ta zato ba, ana iya gani da ido: a tuge uwar kara mafi girma daga wani gurbi, a tsaga ta da reza daga gindi zuwa sama, a duba saman gaɓar ƙarshe. Idan aka ga wani ɗan farin abu mai laushi kamar gashin auduga, tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, to wannan shi ne kan shinkafar tun yana jariri, kuma a wannan makon ne ake yanke yawan ƙwayar da zai ɗauka. Yuriyar da aka zuba a lokacin tana zama ƙwaya. Wadda aka zuba bayan kai ya fito ba ta ƙara yawan ƙwayar da ke kansa, kuma tana iya jawo cuta.

Kafin zuba yuriya a rage ruwa ya zama ɗan kaɗan, a toshe mafita, a yafa da yamma ko da safe bayan raɓa ta bushe, a bar ruwan a tsare kwana uku zuwa huɗu. Wanda ya zuba taki ruwa na wucewa, gonar maƙwabcinsa ya yi wa hidima. Idan kuma aka ga ƙananan ganye suna yin ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, shinkafar ta tsugune makonni kaɗan bayan dashe duk da an ba ta taki, akwai yiwuwar ƙarancin sinadarin zinki ne, kuma ƙarin yuriya ba zai warkar da shi ba.

Mataki na tara: ban ruwa

A makon dashe ruwa ya tsaya santimita 2 zuwa 3, a lokacin 'ya'ya 3 zuwa 5, daga ɗaukar ciki zuwa gama fure kuwa 5 zuwa 10. Shinkafa ba ta buƙatar nutso kullum. Akwai dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yaɗa, wadda ke rage ruwan da ake sha da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba. Ana samun bututun roba mai tsawon santimita 30 da faɗin da hannu zai shiga, a huda rabinsa na ƙasa ko'ina, a kafa shi a fangali har rabin ya nutse, a kwashe taɓon da ke ciki. Daga mako biyu zuwa uku bayan dashe, idan an ba da ruwa sai a bar shi ya janye, ana leƙa bututun kowace safiya, ba za a sake tayar da inji ba sai ruwan cikinsa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa. Ko da saman ya fara tsagewa, saiwa tana cikin danshi. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa, ruwa ya kwanta a gona ba yankewa.

Masu yini cikin ruwan magudana da na gona su riƙa lura da lafiyarsu, domin tsargiya tana yaɗuwa a irin wannan ruwa. Takalmin roba yana ragewa, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, babba ko yaro, ya je asibiti, maganinta yana nan.

Mataki na goma: ƙwari, cuta da tsuntsaye

A riƙa zagaya gona aƙalla sau biyu a mako. Idan zuciyar kara ta bushe kuma ta zare cikin sauƙi, ko kai ya fito fari fat babu ƙwaya, tsutsa ce ta huda karan. Idan ganye ya naɗe ya zama kamar na albasa, aikin wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai kama da sauro, wanda ya fi yawa da damina. Tabo mai siffar ido a ganye, tsakiyarsa toka-toka, tare da ruɓewar wuyan kai, alamar cutar ƙuna ce, wadda yawan yuriya da ƙishirwa ke ƙara wa ƙarfi. Ba kowace alama ce ke buƙatar feshi ba, domin shinkafa tana rama 'ya'yan da ta rasa da wuri, kuma feshin ba gaira ba dalili yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye masu ɓarna.

Tsuntsu, musamman jan-baki, shi ne wanda ke iya gamawa da gona cikin 'yan kwanaki. Daga lokacin madara har girbi, kusan wata guda, sai an yi tsaro tun daga asuba zuwa hantsi da kuma la'asar zuwa magariba, da igiyoyi masu gwangwani, ko a rufe da raga idan da hali. Babbar kariya ita ce manoman yanki su yi dashe lokaci guda, domin gonar da ta riga kowa nuna, ko ta zama ta ƙarshe, ita tsuntsayen yankin duka ke sauka a kai.

Mataki na ƙarshe: girbi, shanya da ajiya

A janye ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin girbi. Lokacin yanka shi ne idan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayar kai sun zama ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshen kara, kimanin kwana 30 bayan fure, kuma idan aka ciza ƙwayar gindin kai aka ji ta yi tauri ba ta fashe da madara ba. Yankan wuri yana ba da ƙwaya mai alli da holoƙo, jinkiri kuma yana sa ta zube a gona ta kuma tsattsage. A yanka da lauje a ɗora a kan tamfol, a buga a ranar ko washegari, ko da inji ko a jikin durom. Tarin da aka bari kwana uku ko huɗu da danshi yana ɗaukar zafi, ƙwayar ta yi rawaya, masu saye kuma su rage kuɗi.

Bayan shiƙa sai shanya, kuma a nan ne ake ɓata shinkafa mai kyau. A baza ta a kan tamfol ko daɓe, kaurin santimita 3 zuwa 5, ana juyawa kowane rabin awa zuwa awa guda. A tsakar ranar bazara a tattara ta a rufe ko a ja ta inuwa, domin bushewar gaggawa tana tsaga ƙwayar a cikin ɓuntunta, ba za a gani ba sai an kai inji ta fito gutsi-gutsi. Shanya a gefen kwalta ita ke kawo tsakuwar da ta daɗe tana zubar da darajar shinkafar gida a idon masu saye. Abin da ake nema shi ne danshi ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100 ga wadda za a sayar ko a casa, kashi 12 kuma ga wadda za a ajiye don iri. Inda babu na'urar awo, a ciza ƙwaya: idan ta karye ƙas, ta bushe. Shanshera mai kyau takan ba da kilo 60 zuwa 65 na gyararriyar shinkafa daga kowane kilo 100, kuma mata masu yin gumi sun fi kowa saurin gane wadda aka shanya da kyau.

A zuba a buhuna masu tsabta, a jera a kan katako nesa da bango, a ɗakin da iska ke shiga kuma ba ya yoyo. Ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da hayaƙi da ake sa wa hatsin ajiya guba ce mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi. Kafin a ɗinke buhu a ɗora shi a sikeli a rubuta nauyinsa, domin buhun shanshera ba shi da tsayayyen awo daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma kamfanonin casa da kilo suke saye. Wanda zai ajiye irin baɗi ya keɓe fangali ɗaya mafi kyau tun kafin girbi, ya tuge duk karan da ya fi sauran tsawo ko ya bambanta da su a kamanni, ya yanka shi daban, ya buga shi a kan tamfol ɗinsa daban, ya rubuta sunan irin da ranar girbi a jikin buhun.